Kai Ka Cika Tambaya!

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kwana uku ke nan wani abu yana ci mini tuwo a ƙwarya, na yi na yi in haɗiye ya ƙi wucewa. Don haka ku yi haƙuri da ni yau, musamman ku tsarana da Allah ya azurta da 'ya'ya, da ku samari da 'yan mata masu ƙanne a gida.

Ranar Asabar bayan La'asar muna zaune a majalisarmu ta ƙofar gida, sai ga ɗan wani maƙwabcina ya sheƙo a guje, yaron bai wuce shekara tara ba, yana riƙe da wani abu kamar wanda ya tsinci zinariya. Ashe fanka ce ya haɗa. Ya ciro ɗan injin nan mai juya kaset daga cikin wata matacciyar rediyo, ya yanko fukafukai daga gwangwanin madara, ya ɗaure batir biyu da roba. Kuma tana juyi, in ka kai fuska har iska kake ji. Ya durƙusa ya gaishe mu, sannan ya matsa kusa da ubansa ya ce, "Baba, ka ga in na juya batir ɗin sai ta koma tana juyawa da baya. Me ya sa?"

Uban bai ko ɗago daga kan wayarsa ba. Da yaron ya sake tambaya sai ya daka masa tsawa: "Kai ka cika shegen tambaya kamar ɗan jarida! Wa ya ce ka farke mini rediyo? Kullum kai ke nan kwaso tarkace!" Ya fizge fankar ya yar, ya bi ta da takalmi ya take. 'Yan majalisa suka kwashe da dariya, wani har da cewa, "Su injiniya manya, sai a kai shi Panteka." Kamar Panteka zagi ce. Wanda ya taɓa shiga kasuwar nan a Kaduna ya ga abin da mutane ke ƙerawa da hannunsu daga ƙarafan da wasu suka zubar, ba zai yi wannan ba'ar ba. Rediyon da ake wa wannan kumfar baki kuwa ta fi shekara biyar a kan katangar bayan gida, rana ta dake ta, ruwa ya dake ta.

Ni ma ban ce uffan ba, kada in wanke kaina. Na ji nauyin tsoma baki tsakanin ɗa da uba a gaban jama'a. Amma fuskar yaron nan lokacin da ya sunkuya yana tsince fukafukan da suka lanƙwashe, ita ce ta hana ni barci.

Mu faɗa wa kanmu gaskiya. Ba rediyo ce ta ɓata wa mutumin nan rai ba. Bai san amsar ba ne, kuma yana ganin gemunsa zai zube in ya ce bai sani ba a gaban abokai. Mu duka da muke zaune babu wanda ya sani. Maimakon mutum guda ya ce, "Kai, wallahi ban sani ba, amma bari mu tambayi mai gyaran rediyo na bakin titi," sai muka taru muka mayar da jahilcinmu laifin yaro. Yaushe "ban sani ba" ta zama abin kunya a wurinmu? An ruwaito cewa an taɓa yi wa Imamu Malik tambaya 48, ya ce bai sani ba a guda 32. Malamin Madina ke nan, wanda muke tinƙaho da mazhabarsa. Kai kuma da ko littafin Ahalari ba ka sauke ba, ɗanka ya tambaye ka abu ɗaya ka hau shi da faɗa.

Na je na bincika daga baya, don abin ya tsaya mini a rai. A cikin ɗan injin nan akwai maganaɗisu da naɗin siririyar wayar jan ƙarfe. In wuta ta bi ta cikin wayar sai ita ma ta zama maganaɗisu, su riƙa turin juna, abin ya juya. Ka juya batir, wutar ta sauya hanya, turin ya koma ɗaya ɓangaren. Abin da yaron ya lura da shi ke nan da idonsa, ba malami ba littafi. Wanda ya fara nuna wa duniya cewa lantarki na iya juya abu haka, a shekarar 1821 a Landan, shi ne Maikel Faraday. Ɗan maƙeri ne, talaka, bokonsa bai taka kara ya karya ba. Yana ɗan shekara 14 aka kai shi koyon ɗinkin littattafai, sai ya riƙa karanta littattafan da aka kawo ɗinki, yana gwada abin da ya karanta, maigidan nasa kuma bai hana shi ba. Da a ƙofar gidanmu ya tashi, da tuni an taka masa kayansa an ce ya cika iyayi. Fankar da ke kanka yanzu, da injin niƙan unguwarku mai aiki da wuta, da famfon burtsatse, duk jikokin wancan gwajin ne.

Kada wani ya ce ai wannan Bature ne, ƙasarsu daban. To ga namu. Marigayi Muhammad Bah Abba, malami ne a kwalejin kimiyya da fasaha ta Jigawa da ke Dutse, kuma a gidan masu ginin tukwane ya tashi. Wane ne a cikinmu bai sha ruwan randa ba? Kowa ya san yana da sanyi ko a tsakiyar bazara, amma mutum nawa ne suka tsaya suka ce me ya sa? Randa tana tsattsafo da ruwa ta jikinta, iska ta busar da shi, bushewar nan ta tafi da zafi. Shi sai ya ɗauki wannan ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Shi ke nan, firji babu wuta babu janareta. Gautan da kan yanƙwane a kwana uku ya riƙa kaiwa kwana 27, manomin ƙauye ya huta da sayar da kayan gwari a wulaƙance don gudun ruɓewa. A shekarar 2000 kamfanin Rolex ya ba shi lambar yabo a kan wannan aiki. Yumɓu ne da yashi da ruwa, abin da yaranmu ke wasa da shi mu zane su don sun ɓata kaya. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, shi kuma zama cikin tukwane ya kawo masa abin da ya kawo. Haka Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, wanda tun yana yaro yake zanen motoci, har ya je birnin Detroit na Amurka ya karanci zanen mota, ya kuma zana Chevrolet Volt a kamfanin General Motors. Yau muna tura hotonsa muna cewa namu ya yi abin kirki. Amma ɗanka ya zana mota a bayan littafin lissafi, ka san abin da za ka yi masa.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne mu ne masu karin maganar. Mu muka ce matambayi ba ya ɓata. Mu muka ce rashin sani ya fi dare duhu. Mu muka ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, sai dai mun fahimci tanƙwarawa a matsayin karyawa. Da yaro ya buɗe baki sai mu jawo wadda ta yi mana daɗi: abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. To Baba, tunda ka hango, gaya masa mana! Hangen da ba za ka iya bayyana wa ɗan cikinka ba, me ya amfana?

Wasu kuma da addini suke fakewa, su ce yawan tambaya halin Bani Isra'ila ne. Haba jama'a. Tambayar da aka zarga ita ce ta ƙure da taurin kai, irin wadda aka yi a kan saniya bayan umarni ya riga ya fito sarari. Ina ruwan wannan da yaron da ke son sanin inda rana take kwana? Alƙur'ani da kansa ya ce ku tambayi ma'abota sani in ba ku sani ba. Ya ce ba za su dubi raƙumi ba, yadda aka halicce shi? Annabi Ibrahim, alaihis salam, ya roƙi Ubangijinsa ya nuna masa yadda yake rayar da matattu, aka kuwa nuna masa. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce maganin rashin sani tambaya ce. Nana A'isha kuma ta yaba wa matan Ansar saboda kunya ba ta hana su neman fahimtar addini ba. Wannan ta ƙarshe ina so iyaye mata su riƙe ta, don abin da ake yi wa 'ya mace ya fi muni. Namiji in ya yi tambaya a ce ya cika surutu, mace kuwa a ce ba ta da kunya, rawar kanta ta yi yawa, wa zai aure ta da wannan bakin. Sai ta koyi sunkuyar da kai, ta girma, ta haihu, a ba ta maganin jariri a asibiti ta kasa tambayar cokali nawa za ta ba shi.

Makarantun ma ba su tsira ba. Malami ya shigo aji mai yara fiye da ɗari, ya cika allo da rubutu, ya juyo ya ce, "Kun gane?" Aji ya amsa baki ɗaya, "Mun gane!" alhali ko ɗaya babu wanda ya gane. Wanda ya yi ƙarfin hali ya ɗaga hannu, a ce yana son ƙure malam, 'yan aji su sa masa suna. Daga ranar ya shiga taitayinsa. Shekara goma sha biyu ana koya wa yaro yin shiru da haddar abin da bai fahimta ba, sannan lokacin jarrabawar fita ya zo, uban nan dai da ya taka fanka shi ne zai ciro kuɗi ya kai wa makarantar da ake rubuta wa yara amsa a allo. Wannan kam wata masifa ce mai zaman kanta, ranar da na fara magana a kanta sai mun kwana. Daga nan a zauna a majalisa ana cewa yaran yanzu ba su da ƙwaƙwalwa, kullum sai dai mu sayo na China, ko allura ba ma iya yi. Wa zai yi allurar? Wanda ka taka?

Ku kuma yayye, kada ku ɗauka da iyaye kaɗai nake. Ƙaninka ya zo yana tambayarka yadda jirgi ke tashi, kana can kana kallon rawa a TikTok, ka ce masa ya ɓace maka da gani. Wayar da ke hannunka za ta ba ka amsar kafin shayi ya huce, amma datarka ta gulmar 'yan fim ce da zagin mutanen da ba ka taɓa gani ba. In ya dame ka da yawa sai ka miƙa masa wayar ya yi ta buga wasa don ya yi shiru. Mun samo sabuwar hanyar rufe bakin yaro wadda ba ta barin shatar bulala.

Ba na cewa magabatanmu ba sa duka. Mun sha dorina, wasunmu har yau da tabo. Amma an bar mana fili. Mun fere karan dawa mun yi mota da totuwa, mun yi ta langalanga da tayoyin tsohon silifas, kowa na ƙoƙarin tasa ta fi ta wani. 'Yan mata suna tuwon ƙasa, suna ɗinka wa 'yar tsana kaya da ƙyallayen da suka roƙo wurin tela. In an taso daga makarantar allo sai mu tsaya a maƙera, maƙeri ya bar ka ka ja masa zuga-zugi, kana gani baƙin ƙarfe ya yi ja ya yi laushi ya zama lauje. Ka leƙa marina ka ga farin zane ya fito kore-kore daga cikin baba, iska ta buge shi ya koma shuɗi a gaban idonka, ka tambaya, marini ya yi dariya ya gaya maka iya abin da ya sani. Da daddare kuma ga kaka a tsakar gida. Ita ce ma ke jefo mana tambayar: Baba na ɗaka gemu na waje? Shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya? Ka yi ta lalube har ka gano hayaƙi, ka gano tsintsiya, in ka kasa ka ba ta gari. Tsohuwar da ba ta san bihim ba ta fi mu sanin yadda ake wasa ƙwaƙwalwar yaro. Yanzu mun gina gidaje mun malale tsakar gida da siminti, babu ƙasa babu bishiya, mun ja ƙyaure mun kulle, maƙerar unguwa ta zama shagon cajin waya, kakar tana ɗaki ita ma tana kallon fim. Yaron da ya rage da ɗan guntun son sani har ya je ya tono shi daga cikin matacciyar rediyo, shi ne muka taru muka yi wa dariya.

Ni dai roƙona, mu ji tsoron Allah a kan amanar nan, mu sassauta. In ba ka da amsa ba ka rasa sakin fuska ba. In ba za ka taya shi ba, ƙyale masa tarkacensa.

Jiya da safe na hango yaron zai tafi makaranta, na kira shi. Na ce, "Zo nan ɗana, na samo maka dalilin da ya sa fankarka ke juyawa da baya. Ina injin yake?" Ya sunkuyar da kai yana wasa da igiyar jakarsa, ya ce, "Kawu, ai na daina. Baba ya ce in ya sake ganina da tarkace sai ya karya ni." Na ce to ina ka kai shi? Ya ce ya haɗa da sauran rediyon ya ba ɗan gwangwan, an ba shi naira hamsin, ya sayi alewa.