Jirgin da ya dawo mini ta ƙeya

Ina da wani jirgin sama na wasa, na balsa (wani katako mara nauyi), mai fukafukai masu naɗewa, wanda na shafe sati biyu ina gurzawa da samfefa. Ranar Asabar na fita da shi fili, ni da yaran Yaya biyu, sai mijinta da ba wanda ya gayyata.

Harba shi kamar danƙo ne. Ka kwantar da fukafukan baya a jikinsa, ka maƙala ƙugiyar ƙarƙashin hanci a robar da ke ɗaure a sanda, ka riƙe wutsiya, ka ja, ka saki sama. Muddin yana gudu, iska ce ke danne fukafukan. Sai gudun ya mutu a can ƙololuwa, sannan wata 'yar roba ta fizgo su su buɗe, ya shiga shawagi. Duk na yi wa yaran bayani, har da cewa Jim Walker na Portland a Amurka ne ya yi suna da irinsa, kuma sojojinsu sun riƙa koyon saiti a kansa lokacin yaƙin duniya na biyu. Na yi ta zuba kamar ni na ƙirƙiro.

Harbin farko, 'yar robar ta tsufa, fukafukai suka ƙi buɗewa. Yadda ya tafi haka ya dawo, kamar kibiya, ya kafe hanci a ƙasa. Mijin Yaya ya ce, "Ƙanina, ƙara masa laka a hanci."

Mutumin nan fa ko jirgin takarda bai taɓa ninkewa ba. Sau ɗaya ya ga ina manna lakar wasan yara a hancin wani jirgi, shi ke nan ta zama maganin komai. Jirgi ya ɗaga kai ya tsaya cak, laka. Ya yi nutso, wanda rage ta ake yi, laka. Kuma hannunsa na baya yake faɗa, yana gyaɗa kai. Har yau bai dawo mini da ƙaramar wuƙata ba, wadda ya ara zai fiƙe fensir.

Ban kula shi ba. Na ninka sabuwar roba biyu, na ce yanzu kam dole su buɗe. Na kai wutsiyar jirgin bakina ina huci a kanta don katakon ya yi laushi in ɗan lanƙwasa, ƙaramar ta ce, "Kawu, rarrashinsa kake yi?" Na ce kowa ya matsa.

Na ja iya ƙarfina, na saki. Ko tsayin bishiya bai kai ba na ji fat! Fukafukan sun buɗe yana tsakiyar gudu, ya gantsare ya yi baya ta saman kaina. Ni kuwa na kafa hannu a goshi ina laluben sama, har da nuni, ina cewa "ga shi can, kun gani?" Abin da nake nunawa tsuntsu ne. Yaran sun ga tahowarsa, ba wanda ya ce uffan. Sai ji na yi ƙwas a ƙeya. Tabarau ya yi gaba, ni na yi wani tsalle da wata ƙara da ban san ina da ita ba. Jirgin da bai kai nauyin wayata ba! Babban ya faɗi ƙasa yana riƙe ciki. Uban ya tako a hankali, ya ɗauki jirgin, ya juya shi, ya ce, "Ai na faɗa."

Da daddare na ɗiga ruwa a inda fiffiken ya lotsa, ya kumburo ya koma daidai. Na ɗora jirgin a kan yatsu biyu, wajen kashi ɗaya cikin uku daga gaban fiffike, sai wutsiya ta rinjaya. Yana son laka, 'yar kaɗan. Kada wanda ya gaya wa mijin Yaya. Robar da ta dace kuma har yanzu ina nema.