Sun rufe mana majalisar daren Talata

Talatar da ta wuce na bi ta gaban tsohon gidan bolin ɗinmu a hanyata ta dawowa daga aiki. An sauke allon nan mai hoton ƙwallo, an yi wa ginin sabon fenti, an yanyanka cikinsa ɗaki-ɗaki ana ba da haya don ajiyar kaya. Shekara tara ina shiga ginin nan duk daren Talata, daga Satumba zuwa Afrilu, in ka cire shekarar korona. Na faka mota a bakin titi na jima ina kallo, zuciyata ta yi nauyi, irin nauyin da take yi duk lokacin da na je Kaduna na ratsa ta Kakuri, unguwar masaƙu.

Ga wanda bai san wasan ba: ƙwallo ce mai nauyi, babbarta ta ɗan haura kilo 7, da ramuka uku na zura yatsu. Mirgina ta ake yi a kan dogon layi mai santsi, tsawonsa ƙafa 60, a can ƙarshe an jera 'yan katako goma masu siffar kwalba. Zagaye goma ne wasa ɗaya, jifa biyu a kowane zagaye, sai na ƙarshe da kan kai jifa uku. Wanda ya share kwalaben duka da jifa ɗaya sau 12 a jere ya ci maki 300, kuma daga nan ba sauran gaba. Yaro ma yana iya koyonsa a yini guda.

Lig kuwa wani abu ne dabam, kuma shi ne yake mutuwa. Ku haɗu ku huɗu ko biyar ku zama ƙungiya, ku ɗauki alkawarin dare ɗaya a mako har mako talatin da wani abu, kowa ya biya kuɗinsa na mako ko ya zo ko bai zo ba, kamar zubin adashi. Akwai sakatare mai riƙe da lissafi. Akwai kuma ƙarin maki da ake ba mai raunin hannu, ta yadda tsohuwa 'yar shekara saba'in za ta iya kayar da saurayi gwani in ranarta ce. Ni wani abokin aikina ne a masana'antar kayan gyaran mota da ke wajen Detroit ya ja ni, don mutum ɗaya ya rage musu su cika biyar. A lokacin ban san kowa ba a jihar Michigan sai mutanen masallaci.

Shugaban ƙungiyarmu dattijo ne baƙar fata, ya yi shekara talatin a kamfanin ƙera motoci kafin ya yi ritaya. Baba nake ce masa, da ya ji ma'anarta sai ya ce kada in sake in canza. Daren farko ya ga ina zuba wa kwalaben ido ina jifa da ƙarfi, ƙwallon tana faɗawa kwata. Ya kama kafaɗata ya nuna mini wasu 'yan kibiyoyi da aka zana a kan layin kusa da ƙafata, ya ce in bar kallon nesa, in bi ta kan kibiya ta biyu daga dama. Shi ya koya mini cewa ana shafa wa layin mai, kuma man yana gushewa yayin da dare ke yi, shi ya sa jifar da ta ci da ƙarfe bakwai ba lalle ta ci da ƙarfe tara ba.

Ana shan giya a wurin, ana kuma ɗan haɗa kuɗin caca a gefe. Ban taɓa shiga ko ɗaya ba, ba kuma wanda ya taɓa matsa mini. A azumin 2022, wanda ya faɗo a Afrilu, rana tana faɗuwa wajen ƙarfe takwas, tsakiyar wasa ke nan. Su da kansu suka riƙa duba agogo, su ce in je in sha ruwa in yi sallah, za su jira. Da mahaifina ya rasu ban samu zuwa jana'iza ba, sai ga su huɗu a ƙofar gidana da kwanukan abinci. Ba su san yadda muke gaisuwar mutuwa ba, suka dai zauna shiru tare da ni har dare ya raba. Wannan ai majalisa ce, ko da wane suna aka kira ta.

Alƙaluman ba su da daɗin ji. A ƙarshen shekarun 1970 masu rajistar lig a Amurka, maza da mata, sun kai kusan miliyan 9. Yau hukumar wasan ta ƙasa, USBC, wadda aka kafa a 2005 bayan haɗe ƙungiyar maza da ta mata, mambobinta ba su wuce miliyan ɗaya da 'yan kai ba. Gidajen bolin sun kai kimanin 12,000 a tsakiyar shekarun 1960, yanzu ba su kai 4,000 ba. Wasan da a 1964 gwaninsa Don Carter ya sa hannu a kwangilar talla ta dala miliyan 1, tun kafin wani ɗan ƙwallo ya ga irin wannan kuɗin, wasan da tashar ABC ta riƙa nunawa ranar Asabar daga 1962 zuwa 1997. Tun a 1995 masanin nan na Jami'ar Harvard, Robert Putnam, ya lura da abin mamakin: tsakanin 1980 da 1993 masu zuwa jifa sun ƙaru da kashi 10 cikin ɗari, 'yan lig kuwa sun ragu da kashi 40. Mutane ba su daina son jifan ba. Alkawarin ne suka daina ɗauka.

Ban zargi kowa da lalaci ba, don na ga yadda abin yake. Lig ɗan masana'anta ne. A zamanin su Baba kowane kamfani yana da lig ɗinsa, kowane sashe yana da ƙungiyarsa da riga mai suna a baya, har da lig na masu tashi aiki da tsakar dare. Mutum ya san lokacin tashinsa na bana da na baɗi, ya san unguwar da zai tsufa a cikinta. Detroit tana da mutum miliyan 1.8 a 1950, ƙidayar 2020 ta samu kusan 639,000. Saurayin da ke tuƙin Uber da safe, ya yi aikin sito da dare, kuma sai ranar Lahadi ake turo masa jadawalin mako a waya, ta yaya zai yi wa mutum huɗu alkawarin Talata talatin a jere?

Nan ne Kakuri take faɗo mini a rai. Kawuna ya yi aiki a masaƙa. Ina yaro na ga yadda titi ke cika da kekuna idan an busa jiniyar tashi, ga masu tuwo, ga masu shayi, ga ƙungiyar ƙwallon masaƙar UNTL da mutane ke bi filin wasa suna yi wa ihu. Masaƙar KTL, wadda aka buɗe a 1957, ta tsaya a 2002, UNTL ta rufe a 2007. Albashi aka yi ta kuka a kansa, kuma da gaskiya, amma tare da albashin an rasa dalilin da ke haɗa Bahaushe da Bajju da Tibi da Bayarabe a benci ɗaya kullum. Abin da ya ci Kakuri shi ya ci lig ɗin Detroit.

Sai dai akwai inda muka fi su sa'a, kuma sai da na zauna a nan na gane. Majalisarmu ba ta biyan haya. Benci ne a ƙofar gida, ko tabarma a gindin darbejiya, ko teburin mai shayi. Masu dara ƙasa suke tonawa su yi gurabensu, su karyo tsinke, wasa ya kankama. Masaƙa ta mutu, amma kawuna bai rasa wurin zama bayan la'asar ba har Allah ya karɓi abinsa. A Michigan kuwa wata biyar sanyi ba ya barin ka tsaya a waje, kuma ko da rani ne ba al'adarsu ba ce maza su jeru a ƙofar gida suna hira. Duk wani taro sai da rufi, rufi kuma sai da haraji da kuɗin wuta da na ɗumama ɗaki. Gidan bolin yana cin fili mai faɗi, ga filin ajiye motoci. Mai gidanmu ya tsufa, 'ya'yansa ba sa son sana'ar, injinan jera kwalaben sun girmi yawancinmu, korona ta ci masa watanni. Da aka taya filin da kuɗin da bolin ba zai taɓa kawo masa ba, ya sayar. Ban ga laifinsa ba. Amma ranar da aka sa kwaɗo, mutane ɗaruruwa sun rasa inda za su ga juna.

Baba ya fi kowa jin abin, kuma yana da dalili. Har zuwa 1950 dokar ƙungiyar bolin ta maza ta ce fararen fata kaɗai ne mambobi. Shi ya sa baƙaƙe suka kafa tasu a nan Detroit a 1939, tana nan har gobe. A Fabrairun 1968 'yan sanda sun harbe matasa uku a Orangeburg ta jihar South Carolina, asalin rikicin kuwa gidan bolin ne da ya hana baƙaƙe shiga. Ga mutumin da iyayensa suka sha wannan gwagwarmaya kafin a ba su layi, ganin layin ya koma ɗakin ajiyar tsofaffin kujeru ba ƙaramin abu ba ne.

Ana cewa wasan yana da makoma, kuma gaskiya ne. Kamfanin Bowlero, wanda ya sauya suna zuwa Lucky Strike a ƙarshen 2024, yana da gidaje sama da 300, ya kuma sayi ƙungiyar ƙwararru ta PBA a 2019. Salon da ke tashe yanzu shi ne fitilu masu launi, kiɗa, manyan talabijin, bikin ranar haihuwa da walimar ma'aikata, a biya kuɗin layi awa-awa. Na kai 'ya'yana irin wannan wuri, sun ji daɗi ƙwarai, ni ma na ji daɗin ganinsu. Amma kowa da mutanensa ya zo, da su kuma zai koma. Ba wanda zai san sunan na layin kusa da shi, balle ya lura idan bai zo mako mai zuwa ba.

Akwai inda na saɓa da abokan wasana. Tun Agustan 2023 USBC ta amince da kwalaben da ake ɗaure wa zare a ka, inji ya ja su ya mayar da su wurinsu. Tsofaffin hannu sun tsane su, suna cewa faɗuwarsu da ƙararsu ba irin ta da ba ce, kuma na yarda akwai bambanci. Amma injin zare ba ya cin wuta sosai, ba ya kuma buƙatar makanikin da yanzu nemansa ake ruwa a jallo. In zare ne zai sa ƙaramin gida a ƙaramin gari ya ci gaba da buɗe ƙofa, ni na karɓi zare. Haka ma gajerun lig na mako takwas ko goma sha biyu, waɗanda wasu ke rainawa. Da a ce da su aka fara tun shekara ashirin baya, da ba a rasa matasa da yawa haka ba. Makarantun sakandare na Michigan suna da gasar jiha, jami'o'i suna da gasar mata ta ƙasa tun 2004, yaran suna nan. Abin da nake roƙon masu gidajen shi ne su bar wa 'yan lig darensu a farashin da ma'aikaci zai iya, ko da biki ya fi kawo kuɗi a wannan daren.

Zuwana gida na ƙarshe na zauna a majalisar unguwarmu, mutum bakwai a benci, biyar kansu a sunkuye a kan waya. Ban ce komai ba, amma gabana ya faɗi.

Ƙungiyarmu ta watse. Ɗaya ya koma jihar Ohio wurin 'yarsa, ɗaya ya ajiye ƙwallonsa. Mu biyu mun samu gurbi a wani lig a Thunderbowl da ke Allen Park, gida mai layi 90, tafiyar minti arba'in daga wurina. Baba ya ce ya haƙura, idonsa ba ya ganin hanya da dare. Na ce masa, "Baba, ka shirya ƙarfe shida saura kwata, ni zan riƙa biyo maka." Makon farko da na isa na tarar da shi zaune a baranda cikin sanyi, jakar ƙwallonsa a kan cinya, sanye da tsohuwar rigarmu.