Kututturen da ke gonarka: nasiha ga 'yan'uwana matasa kan sauyin yanayi

Assalamu alaikum, 'yan'uwana matasa maza da mata.

A daren 9 zuwa wayewar garin 10 ga watan Satumbar 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya malalo cikin Maiduguri mutane suna tsakiyar barci. Kafin rana ta ɗaga ya mamaye Gwange, ya shiga babbar kasuwa da harabar fadar Shehu da asibitin koyarwa, ya kwaso kadoji da macizai daga gidan namun daji na Sanda Kyarimi ya kai su cikin unguwanni, ya kuma rusa katangar gidan yari har fursunoni fiye da 270 suka fice. Rabon garin da ganin irin wannan tun 1994. A farkon wannan watan ne kuma tsohon masallacin ƙasa na Birnin Zinder, wanda ya tsaya tun ƙarni na 19, ya rufta saboda yawan ruwan sama. Mun kalli hotunan a wayoyinmu, mun yi salati, mun ce ikon Allah ne, sannan muka koma hirar ƙwallo. Wannan saurin wucewa da muka yi shi ne ya sa na ga ya wajaba in rubuta muku.

Babu mai imanin da zai yi jayayya cewa komai da ikon Allah yake faruwa. Abin da nake tsoro shi ne yadda muka mayar da wannan kalma mai girma ta zama bargon da muke lulluɓe sakacinmu da shi. Lokacin da Sayyidina Umar ya nufi ƙasar Sham aka sanar da shi annoba ta ɓarke a can, juyawa ya yi da tawagarsa, da aka tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, sai ya amsa cewa daga ƙaddarar Allah suke gudu zuwa ga ƙaddarar Allah. Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da ya san shekaru bakwai na fari suna tafe, hatsi ya sa aka tara a cikin zangarniyarsa tun a shekarun yalwa. Mu kuma an shafe shekaru ana gaya mana abin da ke tafe, ga shi har ya iso ƙofar gida, amma rumbunmu na shiri babu ko tsaba.

Yadda abin yake ba shi da wuyar fahimta. Hayaƙin da ke fita daga ƙona gawayin ƙasa da man fetur da iskar gas yana taruwa a sama, ya hana zafin da ƙasa ta ɗauka daga rana komawa, kamar ɗakin kwano da aka rufe tagoginsa da azahar. Duk sanda zafin iska ya ƙaru da digiri 1, takan iya riƙe tururin ruwa da ya ƙaru da kusan kashi 7 cikin 100. Shi ya sa damina ta zama marar alƙawari: ruwa ya ɗauke mako uku bayan an yi shuka har gero ya ƙone, sannan a dare ɗaya a zubo abin da a da ake yi a wata guda. Hukumar yanayi ta duniya ta tabbatar cewa 2024 ta fi duk shekarun da suka gabace ta zafi tun da aka fara ajiye lissafi. A ranar 3 ga Afrilun 2024, ana cikin azumin Ramadan, zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, kuma tsofaffi da dama sun rasu a Bamako cikin 'yan kwanakin nan. Wanda ya yi azumin waccan shekarar a Sakkwato ko Yamai ko Yola, ga wutar lantarki babu, bai buƙatar a yi masa dogon bayani.

Zan faɗi gaskiyar da wasu masu wayar da kai ke tsallakewa. Ba mu ne muka cika sama da hayaƙi ba, domin abin da nahiyar Afirka baki ɗaya ke fitarwa bai kai kashi 4 cikin 100 na abin da duniya ke fitarwa ba, kuma manyan masu laifin suna Amurka da Turai da Sin. Haka nan madatsar da ta tsufa ba a gyara ta ba, alhakinta yana wuyan hukuma. Amma tsakanin ruwan sama mai yawa da gidan da ya rushe a kan yara akwai tazara, kuma mafi yawan abin da ke cikin wannan tazarar aikin hannunmu ne.

Ku leƙa kwalbatin bakin layinku kafin damina. A tamu unguwar, da muka taru wata Asabar muka ɗaga murfin, abin da muka tarar ya fi ƙarfin cebur: ledar ruwan sha ta haɗu da yashi da tsumma da robobin lemo ta daskare kamar daɓe, sai da aka kawo diga aka farfasa ta, wari kuwa har ya kori masu kallo. Babu baƙon da ya kawo mana wannan leda. Mu muka sha ruwan, muka yar ta tagar Keke Napep. A tsohon birnin Kano kakanninmu sun bar kududdufai a tsakanin unguwanni, waɗanda suka samu daga haƙar ƙasar gini, su ne ke shanye ruwan damina. Yau an cike da yawansu da shara, an yanka filaye an yi shaguna. Ruwa kuwa ba ya manta hanyarsa, ko bayan shekara talatin zai dawo ya neme ta, kuma wanda ya sayi fili a bakin rafi don ya fi araha, falonsa ruwan zai bi.

Sai maganar itace, wadda ita ce ta fi ci mini tuwo a ƙwarya. Duk wanda ya bi manyan hanyoyin da suka ratsa jihohin Neja da Kaduna da Bauchi ya ga buhunan gawayi jere a bakin titi, an ɗaure bakinsu da ciyawa, tireloli suna lodi. Kowane tari daga cikinsu ƙirya ce ko marke ko kaɗanya da ta yi shekaru hamsin tana tsaye, aka kayar da ita a wuni ɗaya. Ba zan zargi uwar da ta koma girki da gawayi ba bayan kuɗin iskar gas ya gagare ta, domin yara ba za su kwana da yunwa don a ceci daji ba. Wanda nake magana da shi shi ne saurayi mai ƙarfi da ke sare kaɗanya mai 'ya'ya, wadda mata ke samun man kaɗe da kuɗin cefane daga gare ta kowace shekara, don kuɗin da zai ƙare kafin Juma'a. Gonar da aka raba da itatuwanta iska ce ke kwashe ƙasarta ta sama da bazara, ruwa ya tafi da sauran da damina, a bar manomi da faƙo da bashin taki.

Akwai darasi a kusa da mu, a ƙasar Maraɗi. Bayan farin shekarun 1973 da 1974 an kashe kuɗi masu yawa wajen dashen itatuwa a Nijar, amma mafi yawan dashen ya mutu saboda rana da awaki da gara. A 1983 wani ma'aikacin gona ɗan ƙasar Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa ƙananan tsirran da manoma ke sassabewa suna ƙonewa kafin shuka, toho ne na kututturan itatuwan da aka sare, waɗanda saiwarsu ke nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Shawarar da ya kawo ita ce manomi ya zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi a kan kowane kututture ya bar su, ya datse sauran, ya kare su daga dabbobi da wuta. Da farko dariya aka yi masa, saboda a lokacin gonar da aka share tas ita ce alamar manomin kirki. Manoman da kansu suka raɗa wa dabarar suna sassabin zamani, suka riƙa koya wa juna daga ƙauye zuwa ƙauye. Masu bincike da suka kwatanta hotunan sama na da da na baya sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200, akasari a yankunan Maraɗi da Damagaram, da lauje da adda kawai.

Da yawan waɗannan itatuwa gawo ne, wanda ake yi wa kirari da gawo ka ƙi ruwan Allah. Da damina yake zubar da ganyensa, don haka ba ya yi wa gero inuwa, ganyen ya zama taki, da rani kuma ya yi kore shar, dabbobi su ci 'ya'yansa su yi kashi a gindinsa. Duk ɗan manomi ya san zangarniyar da ke ƙarƙashin gawo ta fi ta tsakiyar gona cika.

To, mu masu karatu da wayoyi, me muka yi wanda ya kai na waɗannan manoma? Abin da muka fi iyawa shi ne bikin dashe: a sa riguna iri ɗaya, a riƙe tsiro a ɗauki hoto a sa a Facebook, bayan mako biyu akuya ta yi kalaci da shi. Dogonyaro ɗaya a ƙofar gida, da aka kewaye shi da ƙaya ko tsohon kwando ana zuba masa ruwan alwala har ya wuce rani biyu, ya fi dashe dubu da ba a waiwaya ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce babu Musulmin da zai dasa itace ko ya yi shuka, tsuntsu ko mutum ko dabba su ci daga gare ta, face ya zama sadaka a gare shi, kuma ba a ci daga itacen da ya mutu yana tsiro. Wanda ke da waya ya nemi hasashen damina da hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, NiMet, ke fitarwa a farkon kowace shekara, ya karanta wa mahaifinsa da Hausa kafin a fitar da iri. Idan hukuma ta yi gargaɗin ambaliya, ku ne za ku lallashi tsofaffin da ke cewa a nan aka binne cibiyarsu, ku ɗauke su zuwa tudu tun da rana.

Ni ma sai da na kai shekara talatin ina cinna wa toho wuta a gonarmu ta gado duk lokacin sharar gona, don haka na ga ana yi. Shekara uku ke nan da na roƙi Baba ya bar mini kututture goma sha biyu, ya ce in dai ba za su tara masa tsuntsu a kan gero ba. Huɗu sun mutu, biyu wani ya sare su da dare ya yi itacen girki. Sauran shidan suna nan, kalgo uku da gawo biyu da aduwa ɗaya, kuma babban gawon ya fi ni tsawo. Da kakar bara a jikinsa Baba ya rataye butarsa.