Wigan ta faɗi, amma kofin yana gida

Ranar 11 ga Mayun 2013 ina zaune a wani gidan kallon ƙwallo a Mabera, janareta na ruri, zufa na tsiyaya. Wasan ƙarshe ne da Wigan, kusan kowa ya gama ba Manchester City kofin FA tun ba a take leda ba. Wani dattijo a gefena ya ce, "Ɗana, wagga Wigan ɗin ko a ina take?" Ana dab da tashi Shaun Maloney ya bugo kwana, Ben Watson na Wigan ya sa kai, ƙwallo ta faɗa raga. Ɗaya da nema. Benci ya yi tsit.

Bayan kwana uku Arsenal ta lallasa 'yan Wigan 4-1, suka faɗo daga Firimiya. Har yau wasu na cewa cinikin biri a sama suka yi, sun ɗauki kofi sun rasa kuɗin talabijin. Ban yarda ba. Ƙungiyoyi da yawa sun shekara goma a tsakiyar teburi, ba mai tuna su. Mai Wigan a lokacin, Dave Whelan, a Wembley ya karye a ƙafa a wasan ƙarshe na 1960 yana buga wa Blackburn. Shekara 53 ya jira kafin ya rungumi kofin nan a fili guda. Wane kuɗi zai saya masa wannan?

Wigan, inda Victor Moses ya yi suna kafin Chelsea, sai a 1978 ta shiga gasar ƙwararru. A 2020 ta tsiyace, aka zaftare mata maki 12, ta sake nutsewa. Magoya bayanta suka yi karo-karo don kada ta mutu, har aka samu masu saye. A 2022 ta lashe League One, rukuni na uku a Ingila.

Nan ne abin yake min ciwo. El-Kanemi Warriors ta Maiduguri ta ɗauki kofin ƙalubale na ƙasa a 2024 tana rukuni na biyu, ta doke Abia Warriors 2-0 a Legas. Ashe mu ma ba a rufe mana ƙofa ba. Amma matashin da ke biyan kuɗin kallo duk mako, ya haddace 'yan bencin Real Madrid, tambaye shi mai tsaron gidan Sokoto United. Ni kaina rabona da filin Giginya an kwana biyu. Wasan gida na gaba zan sayi tikiti biyu, in ja ƙanena mu tafi.