Tandu, Shanjima da Dangar Maƙwabci

Masu rawar bale, wata rawar Turawa mai tsalle da tsayuwa kan yatsun ƙafa, suna da sanda a jikin bango da suke dafawa in suna atisayen ƙafa. Ni a ƙauyenmu na bayan Ringim, dangar kara ce sandata. Daɓen ƙasar da ke gindinta ya fi min siminti, don siminti ƙwauri yake ci, tabarma kuwa sai ta kwashe ka.

Shekara biyu ina bin darasi a waya, har na kai ga ƙananan tsalle masu sauri. Kafin tsalle sai an ɗumama ƙafa da tandu: ka goga tafin ƙafa a ƙasa har diddige ya tashi, yatsu su yi tsini ba tare da sun bar ƙasa ba, ka jawo ta yadda ta tafi. Takwas gaba, takwas gefe, takwas baya. Iya ta ji ina ƙirga "tandu ɗaya, tandu biyu" ta leƙo ta ce, "Kai ɗan nan, tandun kwallin wa ka ɗauka?" Na ce mata Faransanci ne, a Faransa aka raɗa sunayen, sarkinsu Luwi na 14 har makarantar rawa ya kafa a 1661. Ta ce, "To, Allah ya sawwaƙe."

Sai tsallen da suke kira shanjima, wanda Iya ke amsawa da "To, sai an jima." Ƙafar dama a gaba, diddigenta manne da yatsun hagu. Ka ɗan lanƙwasa gwiwa, ka tashi kaɗan, ka sauya ƙafa a sama, ka dira: yatsu, tudun tafi, sannan diddige. Diddigen nan dole ya taɓa ƙasa kowane sauka, in ba haka ba sha-raɓa ta ƙage, tsalle na gaba ya rasa inda zai taso. Buɗe ƙafa kuma, wato juya ta yatsu su kalli gefe, daga ƙugu ake yi, ba daga gwiwa ba.

Ƙa'idata ita ce in saita manhajar ƙirga bugu a 80 cikin minti ɗaya, in yi tsalle 16 babu tangarɗa, sannan in ƙara 5. Ran nan aka kawo wuta, waya ta cika, kai ya kumbura, na murɗa ta zuwa 130.

Tsalle na biyar diddige ya daina ganin ƙasa. Na takwas gwiwa ta karkata ciki, ƙirji ya rinjaya gaba. Hannun da ya kamata ya dafa sanda kamar mai taɓa goshin jariri, sai ya riƙe danga riƙon mai nutsewa a kogin Haɗeja. Dirka ɗaya gara ta riga ta cinye ta, ban sani ba.

Ni da danga muka sauka tare a tsakar gidan maƙwabcinmu, kan waken da aka shanya. Awakinmu uku suka bi bayana kamar an aika musu goron gayyata. Wayar tana can a ƙasa tana "tik, tik, tik" abinta.

Baba mai gidan ya fito daga zaure, ya dube ni, ya dubi waken. "Samari, lafiya?"

"Lafiya lau, Baba. Motsa jiki ne."

"To, motsa ka ɗauko gatari."

Dirka huɗu na kafa kafin la'asar. Iya kuwa har yau in ta ji "tik, tik" sai ta ɗaure awaki, ta zuba habbatus sauda a garwashi.