Ruwan ƙarƙashin Borno hawa uku ne, mu daina ɗibarsa ido rufe

A bazarar da ta wuce na yi kwana biyu a gidan yayana a Maiduguri, na tarar mutanen layinsu sun yi karo-karo sun ɗauko masu haƙa burtsatse. Tun da hantsi na ja kujera na zauna kusa da injin. Duk sanda aka ƙara sandar ƙarfe ɗaya, sai wani yaro cikin ma'aikatan ya tara hannu a bakin ramin, ya ɗebo abin da ruwan haƙa ya turo sama, ya ajiye a ƙasa tsibi-tsibi a jere. Da farko jan rairayi, sai laka mai ruwan toka wadda in ka murza ta take manne wa yatsa kamar sabulu, sai yashi mai laushi, sai lakar kuma, can sai ga yashi mai kaushi gauraye da tsakuwa. Da ogansu ya ga wannan sai ya juyo ya ce wa yayana, "Alhaji, mun samu." Aka zura bututu, ruwa ya fito, yara suka yi ta sowa. Da yamma na tambaye shi ko ya rubuta zurfin da kowane tsibi ya fito. Ya ce, "Ai, Malam, tunda ruwa ya zo, me za a yi da rubutu?" Kafin magariba yara sun tattake jerin nan kaf.

Abin ya tsaya mini a rai, domin waɗannan 'yan tsibin su ne kaɗai abin da zai gaya mana daga ina ruwan layin yake fitowa, da kuma ko zai ɗore.

Ƙasar Borno da Yobe da gabashin Jigawa ba irin ta Kano ba ce. A Kano tsohon dutse ne a ƙarƙashi, ruwa yana maƙalewa ne a ruɓaɓɓen samansa da cikin tsagoginsa, shi ya sa maƙwabta biyu za su haƙa, ɗaya ya samu ɗaya ya yi asarar kuɗinsa. A kwarin Tafkin Chadi kuwa, laka da yashi ne koguna da tsoffin tafkuna suka yi ta shimfiɗawa bisa juna shekaru aru-aru, har kaurinsu ya kai ɗaruruwan mitoci. Doguwar jigawar nan da ta ratsa Bama da Maiduguri gaɓar tsohon tafkin ce a zamanin da ya fi na yau girma nesa ba kusa ba. A Dufuna ta jihar Yobe, a 1987, wani makiyayi yana haƙa rijiya ya ci karo da kwalekwale a zurfin mita 5, aka auna shekarunsa suka kai wajen 8,000. Yashi yana riƙe ruwa ya kuma sake shi, laka kuwa toshe shi take yi. Inda duk aka sami yashi a tsakanin laka biyu, to, an sami rumbun ruwa a rufe.

Tun a 1960 masu binciken ƙasa biyu, Barber da Jones, suka bayyana cewa rumbunan nan hawa uku ne a ƙarƙashin Maiduguri. Na sama bai cika wuce mita 100 ba, shi ne rijiyoyin guga da tuƙa-tuƙa da yawancin burtsatsen gidaje suke sha. Na tsakiya yana tsakanin mita 300 zuwa 400, ƙarƙashin laka mai kaurin gaske. Na ƙasa sai an zarce mita 500.

Na tsakiyan nan shi ne abin tausayi. Saboda lakar da ta rufe shi ta tsare ruwan cikin matsi, in aka huda shi a ƙasa mai kwari sai ruwan ya taso da kansa, ba famfo ba inji. Daga ƙarshen shekarun 1950 zuwa na 1960 aka haƙa irin waɗannan rijiyoyi da yawa a arewaci da gabashin Borno domin mutane da dabbobi, kuma sun ceci rayuka, ba mai musu. Ina yaro na ga ɗaya a hanyarmu ta zuwa Dikwa: bututun ƙarfe mai tsatsa, ruwa mai ɗumi yana kwarara dare da rana, ya yi kududdufi, shanu sun dama shi ya zama taɓo, sauran rana ta shanye. Babu makunni a jikinsa balle a rufe. Mun ɗauka ni'ima ce da ba ta da ƙarshe. Da tafiya ta yi tafiya ƙarfin ruwan ya riƙa raguwa, rijiyoyin da suke feshi suka koma ɗiga, wasu suka tsaya cik, sai an saka musu famfo.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Da aka auna shekarun ruwan hawa na tsakiya da na ƙasa, an tarar ya shiga ƙasa ne wajen shekara 20,000 da suka wuce. Daminar bana ba ta kai masa, ta baɗi ma ba za ta kai ba, lakar da ta tsare shi daga ƙazanta ita ce kuma ta tsare shi daga sabon ruwa. Gado ne muke ci. Kuma ba namu ne mu kaɗai ba, shimfiɗar ta miƙe har Diffa a Nijar, ta shiga Chadi da arewacin Kamaru, wato ƙasashen da suka kafa Hukumar Kula da Tafkin Chadi tare da Najeriya a 1964. Bututun da aka bari a buɗe a wannan gefen iyaka yana rage wa makiyayin wancan gefen.

Hawa na sama shi yana samun ƙari, amma ba daga ruwan sama kaɗai ba. Kogin Ngadda da Yedzaram da Komadugu Yobe, in sun cika sun malala fadamu, ruwan da yake nutsewa a yashin gindinsu shi yake ciyar da rijiyoyi. Da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 a kan kogunan da suke ciyar da Komadugu Yobe, ambaliyar da take sauka dausayin Haɗeja da Nguru ta ragu, abin da yake tsiyaya ƙasa ma ya ragu. Ga shi kuma hawan saman ba shi da murfin kirki a wurare da yawa. Ranar 10 ga Satumban 2024 da madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya cinye rabin Maiduguri, masai da kwata da rijiya duk tafki ɗaya suka zama.

Na san abin da za a ce mini, kuma gaskiya ne. Maiduguri ta cika ta batse tun da rikici ya koro mutane daga ƙauyuka. Famfon gwamnati ba ya isa unguwanni da dama, kuɗin jarka a hannun 'yan ga-ruwa kullum hawa yake. Mai iyalin da ya haɗa kai da maƙwabtansa suka haƙa burtsatse bai yi laifi ba, ni ma da a layin nake da na ba da nawa kason. Ba cewa nake a hana haƙa ba. Damuwata ita ce muna ta huda ƙasar nan ba tare da wani ya riƙe lissafi ba: burtsatse nawa ne a gari, wane hawa kowace take sha, mita nawa ruwan yake sauka a shekara. Sola ta ƙara wa abin sauri. A da tsadar man janareto tana sa a kashe famfo, yanzu rana na fitowa yake kamawa, tanki ya cika ya yi ta zuba a titi har la'asar.

Abin da nake nema daga ma'aikatun ruwa na Borno da Yobe bai kai kuɗin madatsa ɗaya ba. A bi tsoffin rijiyoyin da har yanzu suke zuba da kansu, inda tsaro ya bari, a sa musu makunni da kwamin shayar da dabbobi. A keɓe hawa na tsakiya da na ƙasa domin sha, kada a saki manyan gonaki da masana'antu a kansu ba awo. A tilasta wa mai haƙa ya liƙe gefen bututu da siminti a inda ya ratsa laka, domin ramin da aka bari a sake hanya ce da gurɓataccen ruwan sama zai bi ya gangara cikin mai tsabta. A kuma ware 'yan rijiyoyi a kowace ƙaramar hukuma waɗanda ba a ɗiba, aikinsu kawai a zura ma'auni duk wata a rubuta, a miƙa wa masu nazarin ƙasa na Jami'ar Maiduguri.

Kafin hukuma ta motsa, akwai wanda yake hannunmu. Duk masallaci ko unguwa ko attajirin da zai ba da kwangilar burtsatse, ya sa a cikin yarjejeniya cewa ba za a biya cikon kuɗi ba sai an kawo takarda: zurfin ramin, inda aka sami laka, inda aka sami yashi, inda aka saka bututu mai huji, da inda ruwa ya tsaya ranar da aka gama. Na roƙi yayana ya sake kiran ogan nan tun bai manta ba. Ya tuna zurfin da inda ruwan ya tsaya, sauran sun ɓace masa. Lambobi biyun nan mun rubuta su da fenti a jikin ginin tankin, tare da kwanan wata, kuma mun yi da mai unguwa cewa duk watan Afrilu za a ɗaga murfi a zura igiya a sake aunawa.