Tutoci biyar a jikin jirgi, lambar Kaka kuma a gwangwani

Makon jiya na raka wani baƙo filin jirgin sama na O'Hare a nan Chicago, ni da 'yata 'yar shekara tara. Muna komawa ta ja hannuna zuwa wajen wani tsohon jirgin yaƙi da aka girke a cikin ginin, ana ta wuce shi da akwatuna. Ɗan guntu ne mai ƙaton ciki kamar tulu, farfela ɗaya a hanci, bayansa shuɗi mai toka-toka, cikinsa fari-fari, ga farar tauraruwa a gefe da lamba F-15. Ko ƙura babu a jikinsa. Wani dattijo Bature na tsaye yana yi wa jikansa bayani. Da ya ji muna Hausa ya tambaye ni ƙasarmu, na faɗa masa, sai ya yi murmushi ya ce ai mu mun huta, wannan yaƙin bai je wajenmu ba.

Ban ce masa komai ba, amma har muka iso gida maganar na cina.

Mai filin, Edward O'Hare, wanda suke kira Butch, matuƙi ne na sojan ruwan Amurka. Ranar 20 ga Fabrairu 1942 jiragen Japan takwas masu jefa bam suka nufo Lexington, babban jirgin ruwan Amurka da yake tashi daga kansa, a kan hanyarsa ta zuwa Rabaul, sansanin Japanawa. Bindigogin abokin tashinsa suka cije, ya rage shi kaɗai a gabansu da ƙaramin jirginsa samfurin Wildcat. Aka rubuta masa ya harbo biyar, Shugaba Roosevelt ya ba shi lambar yabo mafi girma ta sojan ƙasar. A Nuwamba 1943 ya fita farmakin dare bai dawo ba, ba a ga gawarsa ba har yau. A 1949 aka sa wa filin sunansa.

Fentin ne ya fi tsaya mini a rai. Akwai hotonsa yana zaune a kujerar matuƙi, an zana ƙananan tutocin Japan biyar a ƙasan tagar, kowace tuta jirgi guda, kusa da su kuma tambarin rundunarsa, baƙar kyanwa tana rungume da bam. Hatta jan ɗigon da ke tsakiyar tauraruwar yana da labari: a Mayun 1942 aka ba da umarnin shafe shi, don masu bindiga suna rikita shi da jan da'irar Japanawa. Akwai mutane a ƙasar nan da aikinsu ke nan, gardamar wane shuɗi ne daidai. Kuma wanda ke filin ma ba nasa ba ne. Wani ne da ya faɗa tafkin Michigan lokacin atisaye, aka tsamo shi bayan shekaru masu yawa, aka gyara, aka yi masa fenti irin nasa.

Na san akwai son kai a ciki. Da aka duba takardun Japanawa bayan yaƙi, uku aka samu ya kayar, amma tutocin da ke hoton suna nan biyar. Bature in ya so abinsa, sai ya wanke shi tas. To amma wanda ya ƙara biyu a kan uku ya fi wanda ya bar nasa ya zama sifili, kuma mu ne na biyun.

Da waɗannan Japanawan kakana ya yi yaƙi. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma su ne suka ratsa dajin Burma, kwarin Kaladan da Arakan, da kaya a ka, har suka karɓe garin Myohaung a Janairun 1945, kuma Hausa ce harshen bariki a wurin da yawansu. Me ya rage? Sunayen barikoki. Mutum zai shekara ashirin yana wuce barikin Chindit a Zariya bai taɓa tambayar ma'anar kalmar ba. Ni ma sai da na zo nan na nema, ashe sunan wata runduna ce ta musamman da ta yi yaƙi a Burma.

Kaka ba shi da jirgin da za a zana wa tuta. Yana da lambobi biyu a cikin gwangwanin madara, da tabo a ƙwauri, da tsoron ƙarar ruwan sama a kan kwano da muke yi wa dariya muna yara. In ya fara labarin Burma bayan sallar isha'i, mukan sulale ɗaya bayan ɗaya mu tafi dandali. Ba gwamnati ce ta tashe mu daga tabarmar nan ba.

Daren nan na kira Inna. Ta ce ita rabonta da gwangwanin tun rabon gado, wataƙila yana wajen Baffa, wataƙila ya bi ɗakin da damina ta cinye. Ta ce in ina son sani in zo da kaina in duba, shekara shida ke nan tana jin "sai baɗi". 'Yata na gefe tana zana jirgi da fensir mai launi, tana tambayata tutoci nawa za ta sa wa Kaka. Na ce ta bar wajen tukuna, sai mun ji daga Baffa.